Diflomar Da Ke Ƙasan Akwati

Yau ina so mu tattauna a kan wata dukiya da mata da yawa suka mallaka amma suka manta da ita, wato takardar difloma. Iyaye sun sayar da hatsi da dabbobi an yi karatunta, an karɓo ta da murna, amma da aure ya zo sai aka naɗe ta a leda aka tura ƙasan akwatin lefe, tana kwance tare da katin rigakafin yara da rasit ɗin keken ɗinki. In ke ce mai irin wannan takarda, ko 'yarki, ko ƙanwarki, ko matar ɗanki, to da ke nake magana.

Ni malamar Islamiyya ce a Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari. Dole nake ƙara wannan bayani, domin duk inda na ambaci garinmu sai a ɗauka Saminakar Lere ce. NCE na yi, ina koyar da yara da kuma ajin matan aure. Ban karanci akanta ba, amma na bi hanyarta da ƙafata a bayan autar gidanmu, wadda ta yi ƙaramar difloma a fannin akanta, ta ajiye ta shekara biyar, sannan ta ɗauko ta ta shiga jami'a da ita. Abin da muka koya a wannan tafiya shi nake so in juye miki, domin Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, mu kuwa mun yi tambaya har bakinmu ya gaji.

Auta ta gama diflomarta a 2018, aka yi mata aure a 2019 da wani ɗan kasuwa mai sayen masara yana kai wa Kaduna. Haihuwa ta zo, ta sake zuwa. Ba wanda ya hana ta karatu, ba kuma wanda ya tuna mata da shi. Ita kanta ta ɗauka cewa mai neman digiri sai ya koma ya sake rubuta jarrabawar JAMB tare da yaran da suka fito sakandare, ya fara daga aji ɗaya. Wannan tunani shi ya kwantar da diflomomi da yawa a ɗakunanmu, alhali ba haka abin yake ba.

Ga yadda yake, 'yar uwa. Mai ƙaramar difloma ta ƙasa, wadda ake kira ND, hanya biyu ce a gabanta. Ta farko, ta yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a wata ma'aikata ko kamfani, sannan ta koma kwalejin kimiyya da fasaha ta yi shekara biyu ta samu babbar difloma, wato HND. Ta biyu, ta sayi fam ɗin shiga kai-tsaye na hukumar JAMB, wanda ɗalibai ke kira DE, jami'a ta ɗauke ta daga aji biyu, ta yi shekara uku ta fito da digiri a akanta ko harkokin kasuwanci. Ki lissafa da yatsunki: waccan shekara uku, wannan ma shekara uku. Ke nan shekara biyun da kika yi a difloma ba su tafi a banza ba, an yafe miki aji guda saboda su.

Za ki ce, to me ya sa za a wahala da jami'a tunda babbar difloma ma karatu ce? Ni ba na raina HND, akwai ƙwararrun akantoci masu ita da suke riƙe da ofisoshi. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. A aikin gwamnati an daɗe ana bambantawa. Mai ƙaramar difloma takan fara daga mataki na 6, mai digiri daga mataki na 8. Mai babbar difloma takan fara kusa da mai digiri, amma a layi daban ake sa ta, kuma an saba tsayar da ita a mataki na 14 in ba ta ƙaro wani karatu ba. A 2021 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin dokar kawar da wannan bambanci, amma har Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Haka kuma mai HND da ke son digiri na biyu sai ta fara yin wata diflomar share fage a jami'a. Saboda haka wadda take da ƙarfin zaɓi tun yanzu, gara ta san inda kowace hanya take ɓullewa kafin ta ɗaura zane.

Abu na farko da za ki duba shi ne irin diflomar da ke hannunki, domin ba duk mai suna difloma ce ke buɗe ƙofa ba. Wadda jami'o'i suka fi sani ita ce ta ƙasa, wadda hukumar NBTE ta amince da kwas ɗinta. Wannan hukuma an kafa ta a 1977, kuma hedikwatarta tana nan Kaduna. Kwalejoji irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ta Nuhu Bamalli da ke Zariya a ƙarƙashinta suke. Akwai kuma diflomar da wasu cibiyoyi da makarantu ke bayarwa ta kansu, wadda wata jami'a ta karɓa wata ta ƙi. Wata ɗalibata a ajin matan aure ta shekara biyu tana zuwa wata cibiya, mahaifinta ya sayar da bijimi ya biya, sai ranar da ta je neman gurbi aka ce mata takardar ba ta cikin waɗanda ake karɓa. Ranar ta yi kuka a gabana kamar ƙaramar yarinya. Don haka iyaye mata, tun ranar da za a kai yarinya difloma a tambaya: hukuma ta amince da wannan kwas a wannan makaranta? Tambayar minti ɗaya ce, amma tana ceton shekaru.

Abu na biyu shi ne darajar sakamako. Difloma hawa huɗu ce a kan maki 4. Daga 3.50 zuwa sama shi ne mafi daraja, daga 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, daga 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit, ƙasa da haka zuwa 2.00 kuma an dai ci. Jami'o'i da yawa babban kiredit suke nema a fannin akanta saboda yawan masu so, wasu kuma suna karɓar ƙarami. Ki sa a duba miki sharaɗin jami'ar da kike so a littafin bayanin JAMB na shekarar da za ki nema, kada ki dogara da abin da aka yi wa wata bara. Wadda 'yarta ke cikin difloma yanzu kuma, ta gaya mata cewa makin da take wasa da shi a zangon farko shi zai yi mata hukunci bayan shekaru, lokacin tana goye da ɗa.

Na uku, sakamakon sakandare bai mutu ba don kin yi difloma. Za a nemi kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu, ciki har da Turanci da Lissafi da darasin tattalin arziki. Mata da yawa sun shiga difloma da gurguwar takarda, da niyyar za su gyara, aure ya zo aka manta. Wannan gyara ba abin kunya ba ne, ana rubuta jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO, kuma mata masu jikoki ma sun rubuta.

Na huɗu, kuma wannan ya fi shafar mu matan aure, shi ne suna. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa. In kin je yin katin kin ba da sunan maigida, alhali takardunki na makaranta da sunan mahaifinki suke, ko shekarar haihuwa ta saɓa, to kin haɗa wa kanki zirga-zirga. Ki baje takardunki a kan tabarma tun yau, ki karanta su harafi-harafi. Auta sai da ta gyara harafi ɗaya tak a sunan mahaifinmu, kuma wannan harafi ya ci mata makonni.

A 2023, shekarar da ta nema, JAMB ta tsananta tantance masu shiga kai-tsaye, ta ce sai mutum ya je ofishinta da kansa ya yi rajista. Dalili kuwa shi ne takardun jabu. Hukumar ta bayyana cewa da Jami'ar Bayero ta Kano ta binciki takardu 148 na masu neman wannan gurbi, shida kaɗai aka samu na gaskiya. Ke mai takardar halal wannan bincike gata ne a gare ki, sai dai yana nufin ki fara da wuri. Ki koma tsohuwar makarantarki ki karɓi ainihin satifiket, ki nemi takardar da ke ɗauke da makin kowane darasi, ki tabbata lambar rajistarki ta wancan lokaci tana hannunki. Kada ki biya kowa kuɗi ya ce zai “yi miki hanya”, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ana korar mutum ko yana ajin ƙarshe.

Takardu ke nan, kuma su ne masu sauƙi. Mai wuyar ita ce maganar gida. Budurwa in za ta jami'a jakarta kawai take ɗauka, matar aure kuwa gida guda take girgizawa. Wa zai riƙe yara? Wa zai yi wa maigida girki? A ina za ta sauka? Me uwar miji za ta ce? Duk macen da ta sayi fam kafin ta amsa waɗannan tambayoyi, ta gina ɗaki ne ba tushe.

Auta ba ta tunkari mijinta da maganar jami'a kai-tsaye ba. Littafi ta saya mai layi, ta roƙe shi ya riƙa gaya mata abin da ya saya da abin da ya sayar. Ta yi kaka guda tana rubutawa. Da ta haɗa lissafi ta nuna masa cewa yana ƙirga kuɗin masara da kuɗin mota ne kawai, ba ya sa kuɗin buhu da zare, da ladan 'yan dako, da maganin ƙwari, da abin da ke raguwa a ajiya, ga kuma basussukan da ke hannun mutane yana lissafa su kamar suna aljihunsa. Ta ware masa uwar kuɗi daban, riba daban, cefanen gida daban. Ya daɗe yana kallon littafin, sannan ya ce, “Ashe da akanta nake zaune a gida ina ta asara a waje.” Bayan wannan ne ta kawo maganar digiri, kuma shi da kansa ya zo wurina ya ce, “Yaya Malama, ki taya ni shawo kan Hajiya.”

Hajiya, wato mahaifiyarsa, tsoronta biyu ne, kuma duka suna da hujja. Na farko hanya. Duk wanda ya san titin Birnin Gwari zuwa Kaduna, ta Kuriga da Udawa da Buruku, ya san abin da muka gani a shekarun nan. Akwai lokacin da matafiya ke jiran rakiyar jami'an tsaro kafin su ratsa dajin. A ƙarshen 2021 an rufe layukan waya a yankinmu, uwa ba ta jin muryar ɗanta na makonni. A wannan shekarar aka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, aka kuma shiga Kwalejin Nuhu Bamalli. A watan Maris na 2024 aka ɗauke yaran makaranta a Kuriga. To uwar da ta ce ba ta yarda surukarta ta riƙa bin wannan hanya ba, ba ƙiyayyar boko ce ta sa ta ba. Abin da muka shirya shi ne Auta ta sauka wurin gwaggonmu a Kaduna, ba zuwa gida sai an yi hutun zango, ƙaramin yana bayanta, babbar tana wurin Innarmu, maigida kuma in ya kawo kaya ya biya ya gan su. Bayan sulhun da aka yi a watan Nuwamba na 2024, wanda har aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, mun ga sauƙi a hanya, muna roƙon Allah Ya ɗorar da shi.

Tsoron Hajiya na biyu shi ne kuɗin ruwa. Ta ce, “Ni na ji akanta aikin banki ne, ba na son jikokina su ci haram.” Na ce, “Hajiya, Allah Ya ƙara girma, asibiti yana da akanta, ƙaramar hukuma tana da ma'aji, makaranta tana da mai riƙe kuɗi, kamfanin taki da na shinkafa duk suna da su.” Ko a bankin ma, tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da kuɗin ruwa ba, TAJ ya biyo baya a 2019, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiya guda ta koyar da harkar kuɗi bisa tsarin Musulunci. Na kuma tuna mata cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Rubuta dukiya da adalci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wane aiki za a karɓa bayan an gama, wannan sai a tambayi malamai idan lokacin ya yi.

Kuɗi kuma fa? Ba zan yaudare ki ba, jami'a tana ci. Bayan kuɗin makaranta akwai na mota, da na littattafai da kwafe-kwafe, da na data, da madarar yaro. A 2023 gwamnatin Kaduna ta rage kuɗin manyan makarantunta, na Jami'ar Jihar Kaduna ya sauko daga naira 150,000 zuwa 105,000. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda ba a ɗora masa kuɗin ruwa. Amma rance bashi ne, bashi kuma hanji ne, a yi shawara da maigida kafin a shiga. Auta da adashi ta haɗa kuɗin shekarar farko, da tunkiya biyu da Inna ta ba ta. A sa wa rai kuma cewa shekara ukun tana iya miƙewa, domin a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas.

Da ta shiga Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ta tarar da kanta a aji biyu tsakanin 'yan mata da ta girme su da shekaru, sun riga sun san juna, sun san malamai, ita kuwa ko ɗakin lacca sai ta tambaya. Ta ce mini makon farko kullum sai ta ji kamar ta tattara ta dawo. Amma da aka zo darasin shigar da lissafi da daidaita shi, sai ga su sun zagaye ta, domin abin da suke haddacewa ita ta yi shi da hannunta a difloma, ta kuma yi shi a kan masarar mijinta. Nan ne ƙarfin mai difloma yake. Inda ta sha wuya shi ne darussan da jami'a ta fi zurfafawa: ƙididdiga, da nazarin tattalin arziki, da dokokin kasuwanci, da ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya waɗanda Nijeriya ta fara aiki da su a 2012, da dabarun bincike na rubuta kundin kammalawa. Ga kuma darussan gama-gari da akan ɗora wa masu shiga daga aji biyu. Sai suka yi musaya, tana koya musu nata suna koya mata nasu. Shawararta ga mai shirin tafiya ita ce ta ɗauko littafin lissafin sakandare ta fara bita tun kafin sunaye su fito, ta kuma saba da kwamfuta, domin akantan yau ba ya rabuwa da ita.

Ba zan ce miki ba a biya komai ba. Babbar 'yarta ta fara zuwa makaranta ba uwarta a kusa. An yi azumi guda maigida yana buɗa baki a gidan Hajiya. Akwai daren da yaro ya kwana da zazzaɓi, gari ya waye tana da jarrabawa. Akwai kuma masu cewa ta bar aure ta tafi yawon boko, kuma da yawansu mata ne 'yan uwanmu. Yanzu tana shekarar ƙarshe. In ta gama kafin ta cika 30 za ta yi hidimar ƙasa, kuma matar aure tana da damar neman a bar ta a jihar da mijinta yake.

Wadda kuma tafiya ba za ta yiwu mata ba, kada ta ce ƙofa ta rufe. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, akwai kuma cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda akasarin karatun daga gida ake yi, sai jarrabawa ta kai mutum cibiya. Akwai jarrabawar ƙwararru ta ƙungiyar akantoci ICAN, wadda take tun 1965, mai matakin ƙananan akantoci da mai difloma ke iya bi a hankali. Ko wace aka zaɓa, a tabbata hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da digirin kafin a biya ko kwabo.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne abin da nake gani a ajina. Shekarun tashin hankali sun bar mana mata da yawa da mazansu suka rasu, suna riƙe da marayu da 'yar sana'a, ga gado da ba a rubuta ba, ga adashin da ke watsewa saboda uwar adashi a ka take riƙe lissafi, ga tallafin da ke zuwa ba mai bin sawunsa. Mace ta fi sakin jiki ta buɗe wa mace 'yar uwarta asirin jarinta. Garuruwanmu suna bukatar mata masu riƙe littafi, a asibiti da makaranta da sakatariya da ƙungiyoyinmu, kuma ba daga Legas za a kawo mana su ba. Ko Islamiyyarmu sai da Auta ta tsara mana littafin kuɗin wata kafin muka san abin da ke shiga da abin da ke fita.

Saboda haka 'yar uwa, in an idar da sallar isha'i yara sun yi barci, ki jawo akwatin nan ki ciro takardar. Ki duba wace iri ce, wane maki ke kanta, wane suna aka rubuta. Ki nemi lokacin da maigida yake cikin nishaɗi ki yi masa magana da ladabi da hujja. Ke kuma uwa, in 'yarki mai difloma ce aka zo neman aurenta, a yi maganar ƙarin karatu tun a gaban waliyyai, domin abin da aka faɗa a zaure ya fi wanda za a roƙa a ɗaki. Ke kuma uwar miji, riƙon jika na wata uku yana iya zama sanadin arzikin gidan ɗanki.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.